Bayan an sallame shi daga asibiti, wa zai koya masa tafiya?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana gidanmu sakat wata huɗu ke nan. Mahaifinmu, wanda ya haura shekara 60, ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya yana alwalar Asuba, kuma da muka ɗaga shi sai muka tarar bakinsa ya karkace, hannunsa da ƙafarsa na dama sun saki, magana kuma ta ƙi fita. A asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, aka ce jijiyar jini ce ta toshe, kuma hawan jinin da ya daɗe yana wasa da maganinsa shi ne sila. Ya yi kwana 12 a gadon asibiti, aka sallame mu da ledar magani da takardar cewa mu riƙa kai shi gashi sau biyu a mako. Mun jure mako uku, daga nan muka gaza, domin kafin a saka shi a adaidaita sahu sai maza uku sun bar aikinsu, kuɗin zuwa da dawowa ya fi kuɗin gashin, kuma bayan an wuni a layi ba a fi minti ashirin ana yi masa ba. Yanzu yana ɗaki a kwance, idan an yi masa magana sai dai hawaye.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, da na zauna na ƙirga, a layinmu da layin bayanmu kaɗai akwai gida biyar da ke da mai shanyewar ɓarin jiki, kowanne an rufe shi a ɗaki. Zauren gidanmu babba ne. Shin zai yiwu mu tara su a nan, mu haɗa kuɗi mu ɗauko likitan fisiyo, wato ƙwararren gashi da motsa gaɓoɓi, sau ɗaya a mako, sauran ranaku kuma samarinmu su ci gaba da yi musu abin da ya nuna? Akwai haɗari a ciki? Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Tsohon Malamin Asibiti, Katsina:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, niyyarka kyakkyawa ce, amma ni da na yi shekara talatin da wani abu ina aikin jinya sai na ce ka taka a hankali, kada garin neman gira a rasa ido. Na ga kafaɗun da 'yan uwa suka gurɗe da sunan motsa jini, na ga tsohon da aka miƙar da ƙarfi ya faɗi ƙashin ƙugunsa ya karye, daga nan bai sake tashi ba. Waɗannan mutane biyar da kake magana ba ciwonsu ɗaya ba ko da kamanninsu ɗaya: wani jijiya ce ta toshe masa, wani fashewa ta yi, wani yana da ciwon zuciya ko ciwon suga a kan shanyewar. Idan ɗayansu ya sake faɗuwa a zaurenku, mutanen da ke yi maka godiya yau su ne za su ce kai ka kashe musu uba. Aikin da aka yi wa karatun jami'a na shekaru ba a koya wa samarin unguwa shi a yini guda.

Maman Hanifa, likitar fisiyo:
Ina yi wa Baba addu'ar samun sauƙi. Malam, duk haɗarin da ka lissafa gaskiya ne, kuma zan dawo kansu, amma ina roƙon ka ɗora su a sikeli tare da haɗarin da ba a ƙirgawa saboda ba ya faruwa a gaban jama'a, wato na barin mutum a kwance. Wanda aka bari a katifa wata da watanni gaɓoɓinsa kan ƙage har hannu ya dunƙule ya ƙi buɗuwa, gyambon kwanciya kan fito masa a ƙugu da diddige, jini kan daskare a jijiyar ƙafa, huhu kan kamu da sanyi. Mutanen da suka mutu ta wannan hanya ba a cewa wani ne ya kashe su, sai a ce kwana ne ya ƙare.

Akwai wata matsala a sunan da muka ba aikin nan. Da yake mun kira shi gashi, mutane sun ɗauka cewa maganin yana cikin fitilar da ake haskawa ko na'urar da ake liƙawa ko man da ake shafawa, har majinyaci kan yi fushi idan ya zo ba a kunna masa na'ura ba. Alhali ciwon ba a hannu yake ba, ba kuma a ƙafa ba. A ƙwaƙwalwa yake, inda wani yanki ya lalace saboda jini ya yanke masa, kuma da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa daman jiki, kuma a nan cibiyar magana take ga yawancin mutane, shi ya sa Baba ya rasa dama da magana a tare. Abin da ke dawo da motsi shi ne sauran ƙwaƙwalwar ta koyi aikin yankin da ya lalace, ita kuwa ba ta koyo sai da maimaici, kamar yadda almajiri ba ya haddace allo da kallo. Dole majinyacin da kansa ya yi yunƙurin tashi daga zaune, ya miƙa hannu ga kofi, ya ɗora nauyinsa a ƙafar da ta saki, sau da yawa a kowace rana. Minti ashirin sau biyu a mako ba za su yi wannan ba ko da a asibitin da ya fi kowanne kayan aiki ne. Saboda haka aikin gaske dama can a gida yake, ko mun so ko mun ƙi, tambayar kawai ita ce ko za a yi shi da ilimi ko da ka.

Kuma lokaci yana da muhimmanci. Mafi yawan farfaɗowar takan zo ne a watanni uku zuwa shida na farko, ko da yake ana ci gaba da samun sauƙi bayan haka ga wanda bai daina ƙoƙari ba. Baba yana wata na huɗu, don haka kada a ƙara mako guda ana shawara shi kuma yana kwance.

Ɗan Gwammaja:
Likita, na gode, amma bayaninki ya tayar mini da hankali, domin kusan duk abin da muke yi a gida akasin haka ne. Kullum da safe mahaifiyarmu kan gasa masa hannun da tawul da ruwan zafi, a shafa man zafi, sannan ƙanena ya riƙa jan hannun wai ya saki. Idan za mu tayar da shi ta wannan hannun muke kamawa. Abinci a baki ake ba shi, domin muna ganin rashin ɗa'a ne mu zuba ido mahaifinmu yana zubar da koko a rigarsa. Akwai kuma abin da ya raba kan gidan: ba ya iya cewa ko "ruwa", amma idan aka fara Fatiha sai ya kama ya kai ta ƙarshe ba gargada. Gwaggonmu ta ce wannan kaɗai ya isa shaida cewa jifa ne, ba ciwon asibiti ba.

Maman Hanifa, likitar fisiyo:
Don Allah daga yau a daina jan hannun, kuma kada a sake tayar da shi ta nan. Naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, nauyin hannun kansa ma kan ja ƙashin ya sauko daga gurbinsa, ja kuwa yakan jawo ciwon kafaɗar da zai hana shi atisaye gaba ɗaya. Idan yana zaune a ɗora hannun a kan matashi, idan za a tayar da shi a riƙe shi ta ƙugu, mai taimakon ya tsaya a ɓangaren da ya saki. Ruwan zafin ma a yi hattara, domin sau da yawa fatar wannan ɓangare ba ta jin zafi sosai, sai mutum ya ƙone bai sani ba. Muddin ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, ana duba ƙugu da diddige.

Game da abinci, a zaunar da shi sosai, a ba shi cokali a hannun hagu, a bar kokon ya zube, riga ai wankewa ake yi. Amma a lura: idan yana sarƙewa ko tari lokacin shan ruwa, ko muryarsa ta koma kamar ta mai kurkure, to haɗiyarsa ta taɓu, abin da yake sha na iya gangarawa huhu, kuma wannan sai an koma wurin likita. Maganar Fatiha kuwa sananniyar aba ce a wajenmu. Abin da mutum ya haddace tun yana yaro, kamar karatu da ƙirga da gaisuwa, yakan tsira ga wasu masu irin wannan ciwo ko da sun kasa ƙulla sabuwar magana. Wannan ƙofa ce da za ku bi: ku fara da abin da bakinsa ya saba, ku yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a, ku ba shi lokaci, kada ku ƙarasa masa kalma. Kuma ku sani mai yiwuwa yana fahimtar fiye da abin da kuke zato, saboda haka kada a zauna a kansa ana maganarsa kamar ba ya nan.

Baba Direba:
Salamu alaikum. 'Yata ce ke rubutawa ina faɗa mata, domin yatsuna ba sa bin waya. Ni direban babbar mota ne, na yi shekaru ina Kano zuwa Legas, shekara shida ke nan da ɓarin jikina na hagu ya shanye. Yaro, bari in gaya maka abin da mahaifinka ba zai iya gaya maka ba. Makon farko gida ba ya ɗaukar 'yan dubiya, kowa da ledar lemo da ayaba. Mako na uku sai ka ji tsit. Waɗanda ke zuwa kuma sai su tsaya a bakin ƙofa su tambayi matarka ya mai jiki, kai kuwa kana kallonsu, su ce Allah sarki, su tafi. A gidana da ba a yanka kaza sai da sanina, aka sa ranar auren 'yata a tsakar gida ina jiyowa ta taga. Wallahi wannan ya fi mini ciwo a kan ƙafar.

Abin da ya tashe ni wani abokina ne, tsohon kwandastana. Kullum bayan La'asar sai ya zo ya ce shi ba dubiya ya zo ba, majalisa ce ta aiko shi, an ce kujerata na nan. Ya riƙa fito da ni zaure, daga zaure zuwa dakalin ƙofar gida, daga nan zuwa bakin masallaci, taku arba'in da wani abu, na ƙirga su domin sai da na yi wata biyu kafin na cinye su. Ranar da na fara sallah a sahu, a kan kujerar roba a ƙarshen layi, na yi kuka har liman ya tsaya bayan sallama yana ba ni baki. Har yau hannun bai dawo ba, kuma na haƙura da tuƙi, amma ina zuwa kasuwa da sandata, ina sayar da man juye a bakin tasha. Ka tara su. Ko ba a yi musu komai ba, su ga juna.

Malam na Tudun Wada, Zariya:
Allah ya saka wa Baba Direba da alheri, ya faɗi abin da ya kamata mu malamai mu daɗe da faɗa a kan mumbari. Ina so in ce wa gwaggon mai tambaya, cikin girmamawa, addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne, a yi masa addu'a dare da rana, amma kada a dakatar da maganin hawan jini ko atisaye saboda zargin jifa, kuma kada a zargi wani bawan Allah da abin da ba a gani ba, domin na san gidajen da zumunci ya watse a kan irin wannan. Haka nan rubutu ko ruwan tofi, idan likita ta ce haɗiyarsa ba ta da kyau, kada a ɗura masa.

Wani abin da na lura shi ne da yawa daga cikin masu wannan lalura kan bar sallah, ba don sakaci ba, sai don suna ganin ba su da tsarki ko ba za su iya tsayuwa ba, kuma wannan kan ƙara musu baƙin ciki. Shari'a ta sauƙaƙa. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya nuna cewa mara lafiya ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa, kuma akwai taimama ga wanda ruwa zai cutar ko ya gagara. Ina kuma kira ga kwamitocin masallatai su dubi matakalar ƙofa da wurin alwala, domin sau da yawa tudun da bai kai kamu ɗaya ba shi ne ya raba dattijo da jam'i.

Hajiya Inna, Birnin Kebbi:
Ina bin muhawarar nan tun farko, kuma na ga duk maganar zaure da majalisa da masallaci ake yi, wato wuraren maza. Ina tambaya: matar da ɓarin jikinta ya shanye, ina majalisarta? Yayata shekara uku tana kwance a ƙuryar ɗaki, mijinta ya ce ba za a fitar da ita ana kallonta ba, kuma namiji ba zai taɓa ta ba, likita mace kuwa ba ta samuwa a kusa. Namiji idan ya kwanta yana da mata ko matan da za su yi jinyarsa. Mace idan ta kwanta, sau da yawa gidan iyayenta ake mayar da ita, ko a cire 'yarta daga makaranta ta zauna da ita.

Na biyu, ba wanda ya ambaci mai jinyar. Mahaifiyar Ɗan Gwammaja da ke tashi da Asuba tana dafa ruwan gashi, wa ya tambaye ta ya bayanta? Ni na yi jinyar maigidana shekara biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni ce ɗaga shi, ni ce wanke shi, ni ce juya shi cikin dare, sana'ar ƙosaina ta mutu, na daina zuwa biki da suna, kuma ranar da na je asibiti da ciwon kai aka auna ni sai aka ce nawa jinin ya fi nasa hawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan za ku yi wannan haɗuwa, ku sa a cikin tsarin cewa a ranar, awa biyu ko uku, matan nan za su huta, kuma a auna su su ma.

Tsohon Malamin Asibiti, Katsina:
Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, maganarki ba ta da abin cirewa. Likita kuma na karɓi hujjarki, amma da sharaɗi, kuma ba zan sauka daga kansa ba. Kada wanda ya shiga zauren nan sai likita ya duba shi shi kaɗai ya rubuta abin da zai yi da abin da ba zai yi ba. A sayi na'urar awon jini, a koya wa mutum biyu amfani da ita, a auna kowa kafin a fara, a rubuta a littafi. Awon da ke tsayawa a 140 bisa 90 ko sama hawan jini ne, kuma likitan ya faɗa muku adadin da idan an kai shi ba atisaye ranar sai asibiti. Kowa a zauren ya san alamun dawowar ciwon: karkacewar baki, sakin hannu, sarƙewar harshe. Idan aka gani ba jiran gari ya waye, ba ba da asfirin da ka, domin idan fashewar jijiya ce ƙara zubar jinin zai yi, kuma hoto ne kaɗai ke bambancewa. Allurar narkar da gudan jini ma, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko take aiki.

Na nace a kan awon ne saboda wanda ya taɓa faɗuwa ya fi kowa kusa da sake faɗuwa. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, ya fitar da sakamako a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin musabbaban wannan ciwo a wajenmu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka duba fashewar jijiya ce, abin da ya fi na ƙasashen Turai yawa. Binciken ya kuma ambaci barbaɗa gishiri a kan abinci da ƙarancin cin ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, mu kuwa ga gishiri ga dunƙule ga yaji mai gishiri a miya ɗaya. Zogale da rama da alayyafo ba su fi ƙarfin kowa ba. Maganin hawan jini kuma ba a daina shi don an ji sauƙi.

Lauya Ɗan Zazzau:
A kan tambayar ko an taɓa gwadawa, abin da kake shirin yi yana da suna da tarihi. Tun bayan taron duniya kan kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara tallata tsarin farfaɗo da masu lalura a cikin al'ummarsu, inda ƙwararre ke koyarwa yana sa ido, iyali da 'yan sa-kai kuma suna aikin yau da kullum, kuma kundin jagorar tsarin a Abuja aka ƙaddamar da shi a watan Oktoba na 2010. Ta fuskar doka, aikin fisiyo yana da hukumar da ke yi wa masu shi rajista, saboda haka ka nemi ganin lasisin wanda za ku ɗauko, domin masu yawo gida-gida da jakar man zafi suna kiran kansu likitoci sun yi yawa. Kada ku kira wurin asibiti, kada samarinku su karɓi kuɗin aiki, kuma ku sanar da mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce. Tunda a Kano kake, ka tuntuɓi sashen koyar da fisiyo na Jami'ar Bayero ko asibitin ƙashi na Dala, ka ji ko za a haɗa ku da wanda zai riƙa zuwa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika, amma duk mai tura keken guragu ya san yadda matakalun ofisoshinmu suke har yanzu.

'Yar Maradi:
Ina gaishe ku daga Nijar. Ni tambayata a kan farfaɗiya ce. Ƙanena ɗan shekara 28 ya kamu da ita bayan sanƙarau da ya yi yana yaro, yana shan magani, ya fi shekara bai faɗi ba, amma har yau akwai gidajen da ba a cin abinci da shi a kwano ɗaya, kuma sau biyu ana fasa ba shi aure. Shi ba gashi yake buƙata ba, ƙafarsa da hannunsa lafiya lau. Irin wannan zaure zai karɓe shi, ko na masu shanyewar jiki ne kaɗai?

Tsohon Malamin Asibiti, Katsina:
'Yata, a ganina kada a haɗa. Idan aka ce kowa ya zo, mai farfaɗiya da mai ciwon karkarwa da mai mantuwar tsufa, abin zai fi ƙarfin samari huɗu da likita ɗaya, kuma wasu iyalan za su janye nasu saboda tsoron da kika ambata.

Maman Hanifa, likitar fisiyo:
A nan na saɓa wa Malam. Atisayen kowa daban ne, wannan gaskiya ne, amma ƙanenta ba majinyaci zai zo ba, mai taimako zai zo. Saurayi ne mai ƙarfi wanda ya san ɗacin a guje ka, kuma irinsa ne ba ya gajiya da dattijon da ke ɗaukar minti biyar kafin ya furta kalma. Tsoron da ake yi kuwa ba shi da tushe, domin farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta kwano ko ta taɓawa. Kimanin mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace suna sha a kan ƙa'ida. Ko ba shi, dole 'yan zauren su koyi abin yi idan mutum ya faɗi yana jijjiga, domin wasu masu shanyewar jiki kan sami farfaɗiya daga baya: a kawar da abin da zai ji masa rauni, a tare kansa da abu mai laushi, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa ruwa, a juya shi gefe idan ta lafa, idan ta wuce minti 5 a garzaya asibiti.

Hajiya Inna, ban manta da ke ba. Mu mata a wannan aiki muna nan, ko da yake mun fi taruwa a manyan birane, masu koyar da magana kuwa a maza da matan ma 'yan ƙalilan ne. Abin da na ga yana aiki shi ne a sami gida ɗaya mai faɗin tsakar gida, ko ajin Islamiyyar matan aure a ranar da ba karatu, domin mijin da zai hana zuwa zaure da wuya ya hana zuwa Islamiyya. Kuma a kula da hawayen da Ɗan Gwammaja ya ambata. Wani kukan daga taɓuwar ƙwaƙwalwar ne, yana zuwa ba dalili, amma kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo kan shiga ciwon damuwa na gaske, kuma yana da magani, saboda haka a faɗa wa likitansa.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a, na dawo da bayani bayan mako uku. Mun sami likitan fisiyo mai lasisi, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Malam na Katsina ya ce, kuma ya hana mutum ɗaya shiga tukuna saboda awonsa ya yi sama sosai, an mayar da shi asibiti. Gida ɗaya sun ƙi, sun ce ba za a mayar da tsohonsu abin kallo ba, mun ƙyale su. Saura uku, har da Baba. Mun kafa gora biyu a jikin bangon zaure don dafawa, kafinta ya ƙara wa kujerun tsawo domin tashi ya yi sauƙi, kuma muna haɗuwa Asabar da Talata da Alhamis bayan La'asar, likitan yana zuwa ranar Asabar.

Ranar farko Baba ya ƙi fitowa, ya juya fuskarsa bango. Sai na tuna da kwandastan Baba Direba, na je Kantin Kwari na ɗauko maƙwabcin rumfarsa na shekara talatin, wanda ya shigo ɗakin bai ce sannu ba, ya ce Alhaji tashi, akwai lissafin da ya gagare mu. Da shi aka fito da shi. Jiya ya tashi daga kujera sau shida yana dafe da gorar, kuma da aka miƙo buta ya ce "ruwa", mahaifiyarmu tana bayan ƙofa tana ji. Gwaggo har yanzu tana kan bakanta, amma ta yarda tofin a shafa masa maimakon a ba shi ya sha. An auna mahaifiyarmu kamar yadda Hajiya Inna ta ce, kuma ita ma an ɗora ta a kan magani.

Abin da ya rage shi ne na mata. Da labari ya bazu sai aka gano akwai mata huɗu a unguwar, biyu daga ciki ban taɓa sanin suna kwance ba. Shugabar Islamiyya ta ba da aji ranar Alhamis da safe, amma ba mu sami likita mace ba tukuna, kuma kuɗin da muke haɗawa na mutum ɗaya ne kawai. Maman Hanifa, idan kin san wadda za ta iya zuwa Gwammaja ko sau biyu a wata ne, don Allah ki yi mini magana ta gefe.